Mataki na Bakwai

Ni kafinta ne a Bilbis.
Ƙofa nake yi, da bencin makaranta,
wani lokaci makara, in masallaci ya aiko.
Ban taɓa yin abin da zai yi magana ba.

Nomau, ƙanena, ya sayar da jitarsa jika goma sha biyu
ya cika kuɗin mota zuwa Abijan.
Ranar tafiya, a tasha, yatsunsa na ta motsi bisa gwiwarsa
suna danna abin da babu.
Na gani. Ban ce komai ba.
Damina uku ke nan.

Cikinta na fitar daga ƙyauren maɗaci
da aka cire a wani tsohon ofis.
Na jiƙa gefunan, na gasa su jikin bututun ƙarfe mai zafi
har su yarda su lanƙwasa.
Biyu sun karye. Na uku ya yi haƙuri.

Allon wuya kuwa sai itace mai taurin kai.
Na zaga kasuwa ban samu ba,
na dawo gida na tarar da shi jingine bayan rumbu:
taɓaryar Inna, ta ƙirya,
wadda ta tsage shekarar da ta rasu.
Zarto na shiga sai ga ƙanshin gero,
ko kuwa hancina ne ya yi mini ƙarya.

Awo aro na yi.
A gidan matasa akwai wata mai tsirkiya huɗu,
maigadi ya bar ni da ita minti goma.
Na ɗora takardar buhun siminti a wuyanta
na bi kowane ƙarfe da fensir.
Ashe matakan matsewa suke in kana gangarawa,
kamar shekarun wanda ya fara furfura,
na sha biyu kuma tsakiyar hanya yake tsayawa cak,
ba ya karɓar ƙari ko na silin gashi.

Tsinkayen ƙafar keke na yanka, goma sha tara,
na tsaga wa kowane gurbinsa
na buga da ƙaramar guduma, a hankali,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai.
Na shafa gam, na haɗa allo da wuya.
Ba ni da abin matsi, sai na naɗe su da robar taya
zagaye bisa zagaye har jijiyar hannuna ta tashi,
na tura ƙarƙashin gado,
nesa da ranar Tawa mai murɗe katako kamar kilishi.
Kwana biyu ina leƙawa.

Da na ɗaura tsirkiya, mataki na bakwai ya ce zuuu,
kukan rina a cikin tulu.
Tsahara mai ƙosai, daga ƙetaren titi, ta ɗaga murya:
Tankari, wannan abin naka mura yake yi!
Na ɗora bakin ƙarfen awo, na runtse ido ɗaya,
sai ga haske siriri yana ratsawa:
guda ya ɗaga kai sama da ƴan'uwansa.
Magagari, shafa uku. Na busa. Shafa ɗaya.
Ya koma sahu.

Ban iya kiɗa ba. Ƙusa kawai hannuna ya sani.

Daren Juma'a ya kira, layi na yankewa,
bayansa ana jin ruwa bisa kwano da kukan motoci.
Na ce, yi shiru.
Na ajiye wayar a bakin ramin
na ja tsirkiya shida, ɗaya bayan ɗaya,
da babban yatsa mai kanta.

Ba amsa.
Na ɗauka kuɗin wayarsa sun ƙare.
Can sai ya ce, murya a shaƙe,
ta biyun ta yi sako-sako, Yaya, ƙara ɗaure ta.
Na murɗa.
Ya ce, kaɗan kuma.
Na murɗa.
Ya ce, tsaya nan, kar ka ƙara.
Sake ja in ji.