Gadin Ruwa

Ƙarfe uku na dare a Leeds.
Shayina ya huce, allon gabana bai huce ba.
Na'urori ɗari huɗu a gaɓar kogin Calder,
kowace na ɗigo mini labarinta:
tsayin ruwa, gudunsa, lakar da ya ɗebo.

Babu wadda ta san kogin duka.
Ta Todmorden ta san idon sawunsa,
ta Hebden ta san ƙugunsa,
ta ƙarƙashin gada kuwa ta yi gum tun magariba.
Batir ne, ko ta nutse?
Shiru ma magana ce, injin bai koyi wannan ba tukuna.

Saƙonni ba sa bin layi.
Na ƙarfe biyu ya riga na ƙarfe ɗaya isowa,
kamar ƙane ya riga wa aure.
Kwamfutoci tara suna rabawa, suna tankaɗewa,
gari nan, tsaki can.

Kawuna Jatau a Yawuri
ƙafa ɗaya yake tsomawa a Kwara
ya ce, "Jibi a kwashe shinkafar fadama."
Ni sai da na ari kunnuwa ɗari huɗu.

Uku da kwata, uku suka ɗaga murya tare.
Allon ya yi ja.
Na danna.

A wani gida da ban taɓa gani ba
waya ta yi ƙara kusa da matashin kai,
wata tsohuwa ta lalubi takalmi
ta fara kai hotunan jikokinta saman bene.

Ban san sunanta ba.
Na sake ɗora ruwan shayi.