Sunan da Aka Kira Sau Uku

Na sauka Kwalkwalawa da hantsi,
farar rigar nas, jaka cike da takardun bincike,
tambaya arba'in da biyu, kowace da akwatinta:
e ko a'a, ka yi alama ka wuce.
Gulbin Rima ya janye, laka na tsagewa,
hayaƙin banda na tashi bayan kowane darni.

Mai unguwa ya bi da ni gida-gida.
A wata ƙofar kara ya rage murya:
"Malama, wanga gida mu ƙetare shi,
Ige ba ta ji, ba ta magana, mi za ki rubuta?"
Na kusa bin sa. Wallahi na kusa.
Ƙafata ɗaya ta riga ta juya.

Ige na jera tarwaɗa kan raga.
Ɗiyarta Kulu ce kunnenta, ita ce bakinta.
Na karanta tambaya ta tara:
"Kin taɓa zuwa awon ciki?"
Hannuwan Ige suka kama zance,
Kulu na kwasowa tana zuba mini.

Ta je. Ta biya kabu-kabu har cikin Sakkwato,
cikin wata bakwai, ƙafa a kumbure.
Ta karɓi kati, ta zauna kan benci.
An kira sunanta sau uku, in ji mai shara,
ita tana kallon bakin ƙofa.
La'asar ta yi, aka rufe taga,
aka rubuta a littafi: ba ta zo ba.

Na san littafin nan, mai shuɗin bango.
Shekara shida na riƙe irinsa,
ina ƙwala kira kaina a sunkuye,
in na ji shiru in ja layi.
Da waɗannan layuka muka tara alƙaluma,
muka ce matan bakin gulbi ba su son asibiti.

Na dubi e, na dubi a'a,
babu akwatin da zai ɗauki yinin kan benci.
Na kifa takardar, na miƙa mata biro.
Ta zana mace, ta zana hannu a kafaɗarta.
Iyakar roƙonta ke nan: in layi ya zo, a taɓa ta.

Ran Laraba ta tara min su bakwai,
har da Jabbi makaho, mai ɗinkin taru,
wanda ya ce shi ma takardarmu ba ta san da shi ba.
Kafin a dangwala yatsa aka bayyana komai,
ɗaya ta girgiza kai, muka bar ta da ra'ayinta.
Gindin giginya suka warware tambayoyina,
suka yar da sha ɗaya, suka ƙara biyar
da ban taɓa jin malami ya yi su a aji ba.

Har yau hannuna bai nuna ba.
Jiya na so in gaishe ta, ashe kifi na ce.
Ige ta yi dariya har da riƙe ciki,
ta naɗe min biyu masu zafi
cikin tsohuwar takardar tambaya.
Mai ya jiƙa akwatunan duka.