Bokitin Goggo Dudu

Kwana tara na yi a bakin gadon ƙanena,
asibitin Garwa, ɗaki na huɗu,
inda fanka ke juyi kamar mai gyangyaɗi,
zafi kuwa ba ya sauka ko bayan lisha.
Babur ya kayar da shi a gadar Binuwai,
aka ɗinke cinyar, aka ce mu jira.

Tun ladan bai yi gyaran murya ba take shigowa.
Ƙarar bokiti nake fara ji,
sai warin jabel ya riga ta sallama.
Goggo Dudu, gajeriya, ɗamara a ƙugu,
takalman roba, ɗaya ya fi ɗaya girma.

Ba ta farawa daga tsakar ɗaki.
Ƙarƙashin gado, bayan ƙofa,
kan famfo, ƙarfen rataya ƙarin ruwa,
duk inda hannu ke sauka ido bai sani ba.

Rana ta biyu muka saɓa.
Na gama cin soyayyen kifi,
na shafe yatsuna a gefen wando,
na miƙa hannu zan gyara masa bandeji.
Ta buge hannun
kamar uwa ta kama yaro a tukunyar miya.
"Ga sabulu can. Ciwon nan ba ya son baƙo."
Na ce, ke likita ce?
Ta ce, "A'a.
Ni ce dai mai wanke gado
bayan an fita da mai shi."

Ban ƙara ko uffan ba. Na nufi famfo.

Daga baya ta ba ni labarin gado na shida:
wani manomin auduga daga Pitowa
ya zo da yankan fartanya a ɗan yatsa,
ya tafi da zazzaɓin da bai zo da shi ba.
Tana faɗa tana matse tsumma,
ba ta ɗago kai ba.

A nan na ga tafin hannunta,
ya tsattsage kamar gaɓar kogi da bazara.
Safar hannu ta ƙare tun Talata,
leda ta ɗaura.
Albashi ya yi wata uku a hanya,
ta ce ƙila a ƙafa yake tahowa daga Yawunde.

Ciwon ƙanena ya kame, bai yi ruwa ba.
Ranar sallama Baba ya kai wa likita zakara,
Inna ta ba nas kwalbar turare.
Ni na bi ɗaki ɗaki da jaka biyu a aljihu,
aka ce an mai da ita ɓangaren yara,
gudawa ta ɓarke can tun jiya da dare.

Ban same ta ba.
Barandar kawai na tarar, a jiƙe,
tana sheƙi har bakin ƙofar fita.
Na tsaya.
Na cire takalmana na riƙe a hannu,
na bi ta gefe.