Baƙuwar Cikin Tsalha

Shekarar da Gulbi ya cika har ya cinye masarar bakin gada,
yayana Tsalha ya dawo daga waje da ƙoda a cikinsa.
Ta Gwaggo Laure ce.
Ta ce guda ta ishe ta, ai ba huɗa take yi da su ba.

Ya zo da kwali cike da ƙwayoyi farare
da takarda: biyu da safe, biyu da dare.
Bai taɓa tsallakewa ba, ni ce shaida,
ni ke tsaron agogo a gindin randa.
Wata bakwai, ƙafafun suka koma kumbura
har takalmin Juma'a ya ƙi shiga.
Aka ce sakaci. Aka ce sammu.
Gwaggo ta dafa tabon kwiɓinta, ba ta ce uffan ba.

Tambayar ta shige ni kamar ƙaya a dunduniya.
Na taka ta zuwa Yamai, na taka ta zuwa Dakar,
har ƙasar da rana ke faɗuwa tun la'asar,
kafin in gane abin da manomin Tibiri ya sani tun yana goye:
guga ɗaya za ka zuba,
fadama ta riƙe, jigawa ta shanye.

Jiki gida ne, masu gadinsa ba sa son baƙo.
Aikin maganin ya sa su gyangyaɗi.
Hantar Tsalha kuwa jigawa ce,
takan shanye maganin kafin azahar,
masu gadi su farka, su far wa baƙuwa.
Saurin nan gado ne,
harafi ɗaya a ƙwayoyin halittarsa,
awon takardar kuma a jikin wasu aka gwada shi,
can nesa, inda ba a san sunan kakanmu ba.

Shekara ashirin da shida ke nan
a wani ɗaki bayan asibiti, kusa da dalbejiya.
Na roƙi jini har na ji kunya.
Wata tsohuwa daga Bagalam ta ce, me za ki yi da shi?
Na ce wasiƙar iyayenki zan karanta.
Ta miƙo hannu: in kin ga ta uwata, ki gaishe ta.

Kwalba ɗari huɗu da goma sha biyu a firiza.
Daren da wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi,
ni da Illiya muka bi masu kifi gida gida
muna sayen ƙanƙara da kuɗin cefanena.
Shekara uku na bi wani harafin
ina tsammanin shi ma da hannunsa a ciki.
Babu. Na yage lissafin, na sha fura, na kwanta.

Kuma ba kowa ne jigawa ba.
Wata yarinya daga Madarumfa, hannunta sai rawa,
ko cokali ba ta iya kai wa baki.
Ita fadama ce, maganin kwanciya yake mata.
Aka rage. Yanzu ɗinki take yi, zare na shiga allura.

Jiya wani direba daga Ɗan Isa ya zo, zai tafi dashe.
Na duba jininsa, na rubuta wa likitocinsa layi biyu:
wannan mai sauri ne, ku auna masa da nasa mudun.

Da yamma na bi ta wajen Gwaggo.
Tana murza ƙuliƙuli, da ƙodarta guda, shekara tamanin.
Ta ce, Barira, kin gano?
Na ce na gano, Gwaggo, sai dai a makare.
Ta juye mai a kwano, ba ta ɗago ba.
Ta ce, tuwon da bai riski mai shi ba,
maƙwabta ake kai wa.
Sai ta ce in miƙo mata ludayi.