Na Uku

Mu huɗu ne a layi ɗaya.
Lamela ke tsaga ruwa,
Gidado ya karɓa,
ni ne na uku,
Bappa Tela ya rufe, shi ake ɗauka a kafaɗa.

Na uku ba a busa masa usur,
ba a yi masa tafi.
Aikinsa ya tsaya a bakin kwami, yatsu a lanƙwashe,
ya zuba wa hannun ɗan'uwansa ido
har ya taɓa bango.
Mu ba sanda muke miƙawa ba.
Amana ce, jiƙe sharkaf.

A Dadin Kowa na koyi iyo,
ba koci, ba hular roba,
sai tsoron bulalar Inna
da kwale-kwalen Sarkin Ruwa da nake bi a baya.
Ruwan birni kuwa shuɗi ne, yana warin magani,
ka ga ƙasansa tas, ba laka, ba tarwaɗa.
Shekara tara ina ƙirga numfashi:
hannu uku, shaƙa,
hannu uku, shaƙa.
Tagulla biyu, azurfa ɗaya,
da kafaɗar hagu mai sanar da ni zuwan damina.

Ranar zinariya fa?
Mun riga kowa.
Bappa har ya fara kuka,
sai alƙali ya ɗaga hannu.
Na yi tsalle, in ji shi,
saura faɗin yatsa Gidado ya iso.
Faɗin yatsa!
A mota, daga can har tashar Gombe,
ba wanda ya ce uffan.
Lamela ya ɓare lemo ya raba huɗu,
ya miƙo min nawa.
Da ma mari ne.

Yanzu injin ban-ruwa nake gyara wa masu shinkafa.
Tagulla ɗaya na ƙulla a bakin birgi,
ta fi dalma saurin nutsewa.
Gidado ya riga mu bara, ciwon kwana uku.
Ya taɓa bangonsa.
Ina tsaye a baki, yatsu a lanƙwashe,
wannan karon ba na sauri.

Da la'asar yara kan zo gaɓa, wando a hannu:
Baba Manu, koya mana gudu a ruwa!
Sai in jera su huɗu-huɗu.
Mai rawar ƙafar cikinsu
shi nake sawa na uku,
in riƙe masa gwiwar hannu.
Tukuna, nake ce masa.
Tukuna.