Robar da Ta Koyi Zama Dutse

A Kejetiya na durƙusa gaban tulin robobi,
Mame Adwoa na jira in ce ta miya nake so ko ta gari.
Na ce, wadda ruwa bai san ƙofarta ba.
Ta ce duk nata haka suke.
Mai kaya ba ya kushe kayansa,
sai na ɗauki uku, na biya, na hau mota zuwa Aboabo.

Da dare na sa wa kowacce guntun takarda a ciki,
na nutsa su a bokiti, na danne da turmin yaji.
Asuba ta yi alƙalanci.
Mai jan murfi ta sha har ta ƙoshi.
Doguwar nan da na fi so ta yi gumi a ɓoye.
Gajerar, mai maƙallai huɗu da zoben roba a baki,
ita ta miƙo min takardata a bushe.

Inna ta ce ga ta ƙuli-ƙuli can babu kowa a ciki.
A'a, Inna.
Wadda ta taɓa riƙe abinci, ko an wanke ta sau bakwai,
ɓera ya san tarihinta.

Na goge ta da samfefa har ta daina sheƙi,
don fenti kamar nasiha ne,
ba ya zama a jikin mai santsi.
Muntari na Suame ya ba ni ragowar gwangwani biyu,
baƙi da ruwan ƙasa, yana girgiza kai:
"Kowa na zuwa wurina don abinsa ya yi ƙyalli,
Zuwera, ke kaɗai kika zo kashe naki."
Na ƙi kore.
Koren gwangwani ba ya yi wa ganye ƙarya.

Tun fenti bai bushe ba na barbaɗa jar ƙasa,
na manna ɓawon mangwaro a kusurwa ɗaya,
kusurwa ce ke tona asiri,
Allah bai halicci dutse da magwaji ba.
Na bar ta kwana tara a bayan ɗaki
rana da ruwa su cire mata warin sabunta.

A ciki: ɗan littafi, rabin fensir,
wuri ɗaya daga tsohon kwandon kakata,
maɓalli shuɗi, don wanda ya ɗauka ya bar wani abu.

Na kai ta gindin katanga, can wajen tsohon layin dogo,
inda saiwa ta tsaga bulo ta yi aljihu.
Na ba waya lambobin wurin,
waya ta ba mutanen da ban sani ba.
Wata mai waken suya ta bi ni da ido,
na san ta ɗauka sammu nake binnewa.

Damina ta yi wata biyu tana dukan Kumasi.
Ranar da na koma, waya ta ce na iso,
ido ya ce ƙarya ne.
Na laluba, na ɗaga ganye, tururuwa ta gaishe ni.
Aikin hannuna ya ƙi sanina.
Na gaji, na dafa wani dutse zan miƙe,
dutsen ya ce ƙwas.

Sunaye huɗu.
Wani Kwabena, wata daga ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba,
wasu biyu da suka sa hannu a layi ɗaya.
Wuri ya tafi, an bar ƙwandala mai huji.

A shafin ƙarshe, da ajami, fensir ya nutse cikin takarda:
"Ni ne mai gawayi na tsallaken hanya.
Tun ranar farko na gan ki.
Murfin ya so buɗewa ranar Laraba, na danna shi.
Ban faɗa wa kowa ba."

Na ɗaga kai.
Yana can yana auna gawayi,
bai ko dubi inda nake ba.