Ranar Fasa Dila

Ran Juma'a tun da jijjifi
nakan riga masu ƙosai isa kasuwar Jega,
don ran nan Anaruwa ke fasa dila,
wanda ya makara kuwa sai ya tarar da tsumma.

Ya sa wuƙa ya yanke ɗaurin,
dila ta yi ajiyar zuciya ta baje.
Warin nan ya taso, na magani, na cikin jirgin ruwa,
na ɗakunan da ban taɓa shiga ba.
Hannu goma a kan riga ɗaya,
kowace na rantsuwa ita ta fara gani.

Ni ba na gaggawa.
Wuya nake dubawa, sannan hammata,
sai in ɗaga ta sama in leƙi rana ta cikinta.
Abin da asu ya ci, haske ba ya rufa masa asiri.

"Wagga kwat ta manya ta," in ji Anaruwa,
"dubu ukku, shi ma don ke ta."
Na taya dubu ɗaya, ya ce albarka.
Na juya, na yi taku bakwai ina ƙirgawa,
a na takwas ya ce, "Ƙara ɗari biyar, ɗauki."

Ruwan zafi, garin sabulu, lemon tsami,
kwana biyu a kan igiya tana shan iskar gulbi.
Ige tela ta rage mata kafaɗa,
ta cire maɓallan roba ta dasa na ƙaho.
Na zuba gawayi a dutsen guga,
na turara ta har ta manta garinsu.

Amma ba duka ta manta ba.
A aljihun ciki na sami guntun tikiti
da rubutun da ban iya karantawa,
da takardar alewa an ninke ta huɗu.
Ke mai ita ta fari, ashe kina son zaƙi,
kuma a hagu kike rataya jaka,
ga wurin nan ya ɗan koɗe.
Ni ma a hagu nake rataya tawa.

Litinin, sakatariya, ɗakin ajiyar fayil.
Kwat ruwan toka a kan doguwar atamfa,
mayafi ruwan ƙasa, takalmi marar tsini.
Albashi na tafiyar hawainiya,
ni kuwa na shigo kamar jiya aka biya.
Har masinja ya miƙe tsaye.

Asabar aka yi suna a gidan Kulu, can Aliero.
Na buɗe akwatin Inno, Allah ya jiƙanta,
na ɗauko saƙinta mai baƙi da fari,
shekara talatin yana kwance da kanumfari.
Na ɗaura shi, na ɗora rigar siliki ruwan zuma,
ita ma 'yar dila ce, ɗari takwas.
Tsohuwa da baƙuwa suka zauna lafiya a jikina.

Hajiya Tumba ta murza hannun rigar da yatsa biyu:
"Wannan fa, Dubai ko Makka?"
Na buɗe baki zan amsa
sai idona ya sauka a kan tata rigar.
Shuɗiya, mai fure a wuya,
da ɗan ƙunar taba a ƙarƙashin aljihu,
an rufe shi da dutse mai ƙyalli.
Ni na ajiye ta makon jiya saboda ƙunar nan.

Ta ga na gani.
Na ga ta ga na gani.
Kifi na ganinka, mai jar koma.

Aka kawo waina da miyar taushe,
muka sa hannu a kwano ɗaya, ba mai cewa uffan.
Sai da za ta shiga mota ta jawo ni gefe,
ta rage murya kamar mai tambayar magani:
"Juma'a in kin riga ni,
ki duba min mayafi, baƙi, marar huji."